Yadda Ake Haɗa Zoben Fayans Mai Sunan Sarki Irin na Tsohuwar Masar

Duk wanda ya taɓa duba hotunan kayan tarihin Masar ya ci karo da shuɗayen zobban nan masu sheƙi, waɗanda aka buga sunan sarki a fuskarsu. Da gani mutum zai rantse dutse mai daraja aka sassaƙa. Alhali garin farar tsakuwa ne aka kwaɓa da kanwa da ɗan burbushin jan ƙarfe, aka danna a mazubi, aka gasa. Masana tarihi na kiran wannan haɗi fayans.

Zobban sun fi yawaita a zamanin Amenhotef na uku, wanda ya yi mulki wajajen 1390 zuwa 1352 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ɗansa Akenaten, har zuwa Tutankamun. An tono su birjik a Malkata, fadar Amenhotef da ke yamma da Luksor, da kuma Amarna, birnin da Akenaten ya gina. A haƙar da masanin kayan tarihi Flinders Petrie ya yi a Amarna tsakanin 1891 da 1892 ya samo dubban ƙananan mazubai na gasasshen yumɓu, kuma a 1928 wani masanin, Mahmud Hamza, ya samo wasu dubbai a Ƙantir, mazaunin Ramsis na biyu. Wannan yawa ya nuna cewa kaya ne na araha da ake bugawa da yawa, shi ya sa masana da dama ke ganin rabon su ake yi a lokutan bukukuwan fada.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai. A hanyar da za mu bi, babu wanda zai shafa wa zoben ƙyalli daga waje. Kanwar da ka narkar a cikin kwaɓin ita ce za ta biyo ruwa ta fito saman zoben yayin da yake bushewa, ta kwanta a matsayin farin gari. Idan wuta ta kama, garin nan ya narke tare da tsakuwar da ke ƙarƙashinsa ya zama siririyar fatar gilashi, jan ƙarfe kuma ya ba shi launi. Saboda haka a wurin shanya ake cin nasara ko a faɗi. Wuta abin da ta tarar kawai take narkarwa.

Kayan haɗi, na giram 100

Wannan shi ne ma'aunin da nake aiki da shi, kuma ya isa zobe goma har da ragowa:

Garin farar tsakuwa, wato silika: giram 82
Sodar wanki, wadda masu haɗa sabulu ke saye da sunan soda ash: giram 6
Bekin soda: giram 4
Garin ɓawon ƙwai ko na dutsen farar ƙasa: giram 3
Farin yumɓu mai laushi: giram 3
Garin jan ƙarfe, kore ko baƙi: giram 2
Ƙaro, ɗan ƙwaya biyu ko uku
Ruwa mai ɗumi: mililita 25 zuwa 30

Masarawan da daga Wadi Natrun, wani kwari a hamadar ƙasarsu, suke samo kanwarsu, kuma danginta ɗaya da kanwar da muke jefawa a miyar kuka. Idan babu sodar wanki da bekin soda, farar kanwa giram 10 za ta maye gurbinsu, amma sai an tace ta, zan faɗi yadda ake yi. Kada ka yarda a ba ka soda mai ƙuna ta sabulu, kostik, a madadin sodar wanki. Haka hodar da ake sa wa kek ta tashi daban take da bekin soda. Allin makaranta ma kada ka sa shi a gurbin ɓawon ƙwai, domin yawancinsa da wani farin dutse daban mai suna jibsam ake yin sa, yana dusashe ƙyalli.

Kayan aiki

Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, mai auna kason giram. Turmin dutse ko dutsen niƙa. Rariya mai laushi ƙwarai. Maganaɗisu. Yumɓu mai kyau na yin mazubi. Guntun sabulu busasshe ko kakin zuma. Allura babba, reza da ƙaramin burushi. Robar biro ko sanda mai santsi wadda kaurinta ya kusa na yatsa. Wayar nikrom, irin wadda ke cikin tsohon risho na lantarki. Takunkumin da ke tare ƙura sosai, safar hannu da tabarau. Sai tanderun da zai kai digiri 900 zuwa 950 a ma'aunin Salshiyas.

Maganar takunkumi ba ta wasa ba ce. Ƙurar silika idan ta shiga huhu ba ta fita, kuma ita ce ke jawo ciwon huhun da ke kama masu fasa dutse. Garin jan ƙarfe guba ne, kada ka haɗa shi a kwanon abinci, kada yara su zo kusa.

1. Zaɓen suna

Kowane sarkin Masar na wancan zamani yana da sunaye biyar, amma wanda aka fi bugawa a zobe shi ne sunan sarauta, wanda yake ɗauka ranar hawa gado. Ga guda uku da suka dace da mai koyo.

Na Tutankamun shi ne Nebkeferure. Alamominsa huɗu ne, a jere daga sama zuwa ƙasa: da'irar rana, buzuzu, gajerun layuka uku a tsaye, sai kwando mai siffar rabin da'ira. Na Tutmos na uku Menkeferre: da'irar rana, allon wasan senet mai 'yan haƙora a samansa, sai buzuzu. Na Amenhotef na uku Nebmaatre: da'irar rana, mace a zaune da gashin jimina a kanta, sai kwando. Rana ce kullum a sama ko da yake a ƙarshe ake furta ta, saboda girmamawar da suke yi mata a addininsu.

Shawarata ka fara da na Tutankamun. Alamominsa hagu da dama duk ɗaya ne, ko ka juya zanen bai lalace ba, kuma babu siririn layin da zai cike da ƙyalli. Macen da ke cikin sunan Amenhotef ka bar ta sai hannunka ya faɗa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da sunayen nan ba saboda abin da suke ɗauke da shi na bautar rana, ya rubuta sunansa da ajami ko ya zana fure. Masarawan ma sun yi zobba masu furen bado da kifi da barewa, aikin duk ɗaya ne.

2. Sassaƙa samfuri

Zoben kashi biyu ne: fuska, inda sunan yake, da ƙawanya mai zagaye yatsa. Kowanne da mazubinsa, daga baya a haɗa su. Haka ma'aikatan Amarna suka yi.

Ka yanko sabulu ko kaki ka gyara shi ya yi siffar ƙwai, tsawo santimita 2 da ɗigo 3, faɗi santimita 1 da rabi, kauri milimita 3 zuwa 4. Na ɗan ƙara girman ne domin yumɓun mazubi zai tsuke da kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya bushe ya gasu. Ka zana alamomin da bakin allura tukuna, sannan ka ƙwaƙule su. Yadda kake so zoben ya fito, haka za ka sassaƙa samfurin, ba a juye ba. Mazubi zai juya shi, zoben kuma ya sake juyo shi daidai.

Ka zurfafa alamomin fiye da yadda idonka ke so, aƙalla milimita ɗaya, ka kuma buɗa su. Ƙyalli yana taruwa a rami. A rami mai zurfi wannan taruwar ce ke sa alamar ta yi duhu ta fito raɗau, a marar zurfi kuwa shafe ta take yi gaba ɗaya. Bangon ramin ya ɗan kwanta waje, kada ya shige ciki, in ba haka ba samfurin zai riƙe yumɓu.

3. Yin mazubi

Ka mulmula yumɓu mai laushi, marar tsakuwa, kamar girman ƙwan kaza, ka danne shi ya zama faifai mai kaurin santimita 2. Ka shafa wa samfurin mai kaɗan, ka kifa fuskarsa a kan yumɓun, ka danna a miƙe har bayansa ya yi daidai da saman faifan. Ka soka allura a bayansa ka ɗago shi ba tare da girgizawa ba. Ka yi mazubi uku ko huɗu a zama ɗaya, domin wani zai tsage.

Na ƙawanya ya fi sauƙi. Ka lanƙwasa igiya mai santsi ko wayar lantarki mai roba, mai kaurin milimita 4, ta yi kusan kashi uku cikin huɗu na da'ira, ka danna ta a wani faifan. Ka auna da zoben da ke shiga yatsanka, ka ƙara milimita 2 a faɗin ciki saboda tsukewar yumɓu da kaurin ƙyalli.

Ka shanya su a inuwa kwana huɗu ko biyar, sannan a gasa. Wannan gashin ba ya buƙatar ƙa'ida, mai ginin tukwane za ta iya jefa maka su cikin nata. Mutane kan so su yi gajeriyar hanya da filastar silin. Ban ba ka shawara ba, domin filasta tana tsotse ruwan kanwar daga fuskar zobe, wurin da ka fi buƙatarsa.

4. Shirya gari

Wanda ya samu garin silika a wurin masu sayar da kayan tangaran ya huta. Wanda bai samu ba ya tsinto fararen tsakuwoyin nan masu ɗaukar ido da ake gani a bakin rafi, waɗanda masana duwatsu ke kira kwaz. Ka zaɓi farare tas, ka jefar da masu jan ratsi, domin jan nan tsatsar ƙarfe ce kuma tana mayar da shuɗi kore mai datti. Ka gasa su a gawayi har su yi ja, ka sa tabarau, ka kwashe su da awartaki ka zuba a bokitin ƙarfe mai ruwan sanyi. Za su tsattsage, dakansu ya yi sauƙi. Ka niƙa su da jiƙe don kada ƙura ta tashi, har sai ka murza tsakanin yatsu ka ji kamar fulawa da ɗan ƙaiƙayi kaɗan. Idan da turmin ƙarfe ka daka, ka bi garin da maganaɗisu bayan ya bushe. Yashin gini ba ya yi, ƙasa da ƙarfe sun yi masa yawa.

Jan ƙarfe kuma, idan babu na kanti, ka feɗe tsohuwar wayar lantarki da wuƙa, kada ka ƙona robar. Ka sa zallar wayar a garwashi ta yi ja, ka fitar ta huce. Baƙin ɓawon da ya taso a jikinta shi ake so. Ka kankare, ka maimaita har ya taru, ka niƙa shi lukui. Giram ɗaya da rabi na wannan baƙin ya wadatar. Binciken da aka yi wa fayans na wancan zamani ya gano kuza a cikin ƙyallinsa, alamar cewa su ma daga tarkacen tagulla suke samo launin.

Tace kanwa: ka daka ta, ka narkar a ruwan zafi, ka bar ta ta kwana ƙasar ta kwanta. Ka tsiyaye ruwan saman ta cikin ƙyalle mai tsabta, ka zuba a faranti mai faɗi ka sa a rana har ya ƙafe. Farin da ya rage shi za ka auna. Kanwa ba ta da ƙarfi ɗaya, ta wannan kasuwa daban da ta waccan, saboda haka ka gwada da 'yan ƙwallaye kafin ka zuba wahalarka a zobe. Idan bekin soda kaɗai gare ka, ka gasa wani kaso a tanderun girki a digiri 200 na awa ɗaya, zai koma sodar wanki.

Ɓawon ƙwai a wanke, a cire yanar ciki, a shanya, a niƙa.

5. Kwaɓi

Ka jiƙa ƙaron tun daren jiya a cokali ɗaya na ruwa. Ka narkar da sodar biyu a ruwa mai ɗumi mililita 25. Bekin soda ba zai narke duka ba, babu laifi, amma kada a bar gudaji. Sauran garin ka haɗa su a busashe cikin leda ka ɗaure ka jujjuya, sannan ka tankaɗe. Ka zuba ruwan sodar da na ƙaron a hankali kana juyawa da cokali, da safar hannu a hannunka.

A nan ne mai koyo ke karaya, domin kwaɓin ba ya biyayya irin ta yumɓu. Halinsa irin na kamun da ya kwanta a gindin roba ne: ka matsa shi da ƙarfi ya dare, ka bar shi a tafin hannu ya malale. Ba ka yi kuskure ba, haka yake. Daidai shi ne ka mulmula ƙwallo ka ajiye, ya ɗan zauna amma bai baje ba. Idan ya baje ka barbaɗa garin silika. Idan yana wargajewa ka ɗiga ruwa, ɗigo ɗigo.

Za ka ji sha'awar ƙara yumɓu don ya yi daɗin sarrafawa. Iyakarka giram 5. Fiye da haka yumɓun zai toshe hanyar da kanwa ke bi ta fito, launin kuma ya mutu. Ka ɗaure kwaɓin a leda ka bar shi awa ɗaya, kuma duk lokacin da ka gutsura ka mayar da sauran ka rufe. Wanda aka bari a buɗe yana fara fitar da gishirinsa tun kafin ya zama zobe.

6. Dannawa da haɗawa

Ka tsoma mazubin a ruwa ka goge shi, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga. Ka gutsuri kwaɓi kamar girman gyaɗa, ka sa a tsakiya, ka danna da babban yatsa daga tsakiya zuwa gefe. Ka ɗan bubbuga mazubin a tebur, bugun nan ne ke sa kwaɓin ya saki jiki ya shiga kowane lungu. Ka share abin da ya yi sama da reza. Nan take ka kifa mazubin a kan leda ka ƙwanƙwasa bayansa. Idan fuskar ta ƙi faɗowa, ka manna wani ɗan guntun kwaɓi a bayanta ka jawo a hankali. Kada ka bar ta ta daɗe a ciki. Idan alama ta fito a dagule, ka mayar da ita cikin kwaɓi ka sake, ya fi gyara sauƙi.

Ƙawanya ma haka: ka murza siririn kwaɓi, ka kwantar a ramin, ka danna, ka fitar.

Ka bar su biyun minti 15 zuwa 30 su ɗan ƙame. Ka dama ɗan kwaɓi da ruwa ya yi kauri, shi ne abin liƙi. A ƙarshen fuskar biyu masu tsini ake haɗa ƙawanya, wato tsawon fuskar yana gicciye yatsa, kamar yadda zobban Amarna suke. Ka ɗan karce wuraren haɗin da allura, ka ɗiga abin liƙin, ka haɗa, ka cike kafaɗun da ƙarin kwaɓi ka lallaɓa da jiƙaƙƙen burushi. Kada ka yi rowar kwaɓi a kafaɗa. Yawancin abin da ake tonowa a Amarna fuskoki ne zalla, ƙawanyar ta ɓalle tun tuni, kuma a daidai wurin nan take ɓallewa.

Kafin ya bushe ka rubuta harafin sunanka da shekara a bayan fuskar da bakin allura. Zoben da aka yi da kyau yana iya ruɗar wanda bai sani ba, kuma sayar da sabon abu da sunan kayan tarihi zamba ce. Masar ma da kanta ta haramta cinikin kayan tarihinta da doka mai lamba 117 ta 1983.

7. Shanya

Ka zura zoben a robar biro ko sandar da ka naɗe da leda, fuskar tana kallon sama, ka ɗora bakin sandar biyu a kan wani abu don ƙawanyar ta yi lilo ba ta taɓa komai ba. Dalili shi ne kanwa tana fitowa ne ta inda iska ke bugawa. Duk wurin da ya jingina da wani abu zai fito fari, garas, babu ƙyalli. Gara wannan wurin ya zama bayan fuska, inda ba a gani.

Wurin shanya ya zama inuwa, cikin ɗaki, inda iska ke wucewa a hankali. Rana ba ta yi, fanka ba ta yi, kusa da murhu ba ya yi. Idan saman ya bushe da sauri, ruwan ciki ba ya samun hanyar jawo gishirin waje, zoben kuma ya tsage. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da wanki cikin awa ɗaya, ka kifa kwali a kansu ka huda shi ƙofa biyu ko uku. Da damina kuma matsalar a juye take: danshi na hana garin tsayawa, wani lokaci ya fito da rana ya narke da dare. A nan sai ka sa su a kabad tare da kwano cike da busasshen gawayi, ko ka kunna ƙwan lantarki mai ɗumi daga nesa. A ganina watannin bayan kaka, kafin hunturu ya tsananta, sun fi kowane lokaci daɗin wannan aiki.

Bayan kwana ɗaya za ka ga fari-fari ya fara bayyana a gefuna da wuraren da suka yi tudu. Zuwa kwana uku ko biyar ya rufe zoben duka, har alamomin su yi kamar sun ɓace. Mutum zai ga kamar ya lalace, hannunsa ya yi ta ƙaiƙayin gogewa. To wannan farin shi ne ƙyallinka. Inda yatsa ya taɓa, shatar yatsan za ta fito bayan gashi. Kada ka hura, kada ka share, ka kuma gargaɗi mutanen gida.

Idan kwana biyar suka wuce farin bai fito sosai ba, kada ka ɓata wuta. Ka narkar da rabin ƙaramin cokali na sodar wanki a cokali uku na ruwa, ka ɗiga wa zoben ta baya da burushi har ya jiƙa, ka sake shanyawa.

8. Jerawa a tanderu

Fayans idan ya narke yana manne wa duk abin da ya taɓa. Ka gina 'yan ginshiƙai biyu na yumɓu ka gasa su tun da wuri, ka gitta wayar nikrom a kansu. Tazarar kada ta wuce santimita 6, domin waya tana laushi a wuta ta lotsa. Ka dama farin yumɓu da garin ɓawon ƙwai ka shafe wayar, ka bar ta ta bushe. Ka kawo bakin sandar shanya kusa da wayar ka tura zoben da tsinke ta ciki ya koma kanta. Zai juya fuska ƙasa saboda nauyi, hakan ya yi. Zobe kada ya taɓa ɗan'uwansa. A ƙasa ka shimfiɗa fasasshen tayil ko guntun tukunya da ka shafe da wannan damun, saboda ɗiga.

Idan babu nikrom, ka yi 'yan tsinaye na yumɓu masu siffar mazurari a kife, ka shafe su, ka zura zoben a kai ya tsaya a wurare biyu ko uku. Wayar jan ƙarfe ko ta ƙarfen gini ba ta yi, tana ɓarewa ta ɓata launi.

9. Gashi

Da tanderun lantarki: ka hau a hankali zuwa digiri 200 cikin awa ɗaya da rabi, sannan kimanin digiri 150 kowace awa har 920. Ka tsaya a nan minti 20 zuwa 30, ka kashe. Kada ka buɗe sai gobe. Tururin soda yana cin wayoyin tanderu a hankali, don haka idan na aro ne, na wata makaranta mai sashen tangaran ko na wani mai sana'a, ka faɗa masa abin da za ka gasa, kuma ka sa kayanka a cikin tukunya mai murfi.

Da gawayi ma ana yi, Masarawa ba su da lantarki. Ka samu ƙaramar tukunyar ƙasa gasasshiya mai murfi, ka huda ƙofa biyu ƙanana a wuyanta, ka jera zobban a ciki. Ka gina murhu da bulon ƙasa ya kewaye ta, da tazarar tafin hannu ta zuba gawayi, da ƙofar iska a ƙasa. A fili za ka yi, ba a ɗaki ba, hayaƙin gawayi yana kisa. Awa ɗaya ta farko wuta kaɗan daga nesa. Daga nan ka ƙara gawayi har ya kai wuyan tukunyar, ka fara zuga da zugazugi ko ƙaramar fanka. Ka riƙa leƙa ƙofar da tabarau. Ja mai duhu bai kai ba. Idan cikin ya koma ja mai haske yana neman ruwan lemo, kuma ka ga jikin zoben yana walƙiya kamar jiƙaƙƙe, ka kai. Ka riƙe shi haka minti 20, ka daina zuga, ka toshe ƙofar ƙasa, ka bar shi ya huce da kansa.

Babban abokin gaba a nan hayaƙi ne. Jan ƙarfe yana ba da shuɗi ne idan iska ta wadata. Idan hayaƙi ya shaƙe tukunyar, zai fito ja-ja kamar hanta ko toka-toka. Saboda haka gawayi ya zama busasshe wanda ya gama kamawa, kuma kada ka binne ƙofofin wuyan tukunyar.

10. Fitarwa da karanta sakamako

Idan zoben ya kama waya, ka murza shi a hankali zai saki. Kaushin da wayar ta bari a ciki ka goge da dutsen wasa wuƙa a cikin ruwa, domin bakinsa gilashi ne, yana yanka.

Zoben da ya fito fari-fari garas, ko dai kanwa ba ta fito ba ko wuta ba ta kai ba. Ka mayar da shi ka ƙara digiri 20 zuwa 30. Wanda alamominsa suka nutse, soda ta yi yawa ko zanen bai yi zurfi ba, a kwaɓi na gaba ka rage giram ɗaya ko biyu. Kore mai datti daga ƙarfe ne ko yawan yumɓu. Ƙuraje da kumfa daga hanzarin wuta ne ko kanwar da ba a tace da kyau ba. Idan yana marmashewa a hannu, garin tsakuwar bai yi laushi ba. Wanda kuma ya yi kyau amma bayan makonni ya fara fitar da fari, ɓawon ƙwan ya yi kaɗan, shi ne ke hana gilashin jan danshi, sai ka kai shi giram 4. Siraran tsage-tsagen da ake gani a cikin ƙyallin kuwa halin fayans ne, har a na gidajen tarihi akwai su.

Idan shuɗin jan ƙarfe ya zauna maka, kana iya neman shuɗi mai duhu da wani ma'adini mai suna kobalt, wanda Masarawan da suke samowa daga dausayin Dakla da Karga. Ƙarfinsa ya wuce misali, kashi ɗaya cikin uku na giram ya isa giram 100 na gari. Manganis, shi ma ma'adini ne, giram 2 yana ba da launin shunayya zuwa baƙi. Rawayan Amarna kuwa da dalma aka haɗa shi, ka bar shi inda yake, ba abin da za a gasa a gida a sa a yatsa ba ne. Kowane launi ka yi masa nasa mazubin, ko ka jiƙa tsohon a ruwa ya kwana, domin yumɓu yana riƙe gishiri da launin kwaɓin da ya gabata.